Indararon Alhaji Gwadabe

Lahadi, 14 ga Yuli, bayan la'asar

An yi ruwa mai ƙarfi da rana. Na tsaya a ƙofar ɗakina ina kallon sabon indararon maƙwabcina, Alhaji Gwadabe, yana aikinsa. Gaskiya kafintan ya iya sana'arsa. Duk ruwan da ya sauka a kan kwanon sabon ɗakin Alhaji, ko ɗigo ba ya ɓata. Indararon ya tattara shi tsaf, ya tsallako katanga da shi, ya juye shi a gindin bangon ɗakin Inna.

Ɗakin Inna na ƙasa ne. Marigayi Baba ne ya gina shi tun kafin a haife ni. A ciki take kwana, a ciki take salla, a ciki take yanke wa duk mutanen Karaye hukunci ba tare da sun sani ba.

Matata Rekiya ta zo ta tsaya kusa da ni da ludayi a hannu. Ta ce, "Malam, ka gani ko?" Na ce na gani. Ta ce, "To?" Na ce ai sai a bari ruwan ya ɗauke.

Ya ɗauke tun ɗazu.

Litinin, 15 ga Yuli, da hantsi

Gindin bangon ya jiƙe har wajen gwiwata. Na danna yatsa, ya nutse kamar a cikin tuwo.

Bari in rubuta dalilin shirun nawa, ko in na gan shi a takarda zai fi kama da hankali. Alhaji Gwadabe surukina ne. Ɗansa Suhaibu ne yake auren 'yata ta fari, wadda ko sunanta ba na kamawa, balle a ji ni ina maganar gidan mijinta. Tana nan bayan katangar nan da tsohon ciki. Sannan akwai abin da ya faru bara, lokacin da ta dawo gida da akwatinta. Shi ba zan rubuta shi ba. Abin da zan rubuta shi ne, Alhaji da kansa ya tako har zauren nan, ya tsaya mata a kan ɗan cikinsa, ya mayar da ita ɗakinta da mutuncinta. Mutumin da ya yi maka haka, da wane baki za ka ce masa indararonsa ya dame ka?

Na daɗe ina koya wa yara tarihi a sakandare. Na karanta yadda dauloli suka rushe, wasu yaƙi, wasu fari, wasu rikicin gadon sarauta. Ban taɓa cin karo da wadda indararo ya ci ba. Wataƙila masu rubutun ne suka ji kunya.

Laraba, 17 ga Yuli, bayan azahar

Na je. A rubuta cewa na je.

Na same shi a zaurensa a kan buhunan dawa, yana shirin tafiya kasuwar Rogo. Yana ganina ya miƙe, ya kakkaɓe min buzunsa na salla ya ce sai dai in zauna a kai.

"Malam Ƙasimu da kansa! Ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya Inna, ƙafar da sauƙi? Yaya 'yan makaranta? Yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara," in ji ni. Ni da bakina.

Na gyara zama, na ce, "Alhaji, dama game da sabon ginin nan ne." Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ka gan shi ko? Wallahi na so in kira ka tun ana aza harsashi, nauyinka ya hana ni. Ai domin 'yarka na yi shi. Ɗakin da take ciki ya yi mata kaɗan, ga ƙaruwa na tafe. Na ce wa kafinta kada ya kuskura ɗigon ruwa ya sauka a ƙofarta, ta zo ta zame da cikin nan."

Na ce Allah ya saka da alheri. Na ce gini ya yi kyau. Har da cewa na yi kwanon mai kauri ne.

Na dawo gida da ƙwan zabi cike da hula. Rekiya ta dubi ƙwan, ta dube ni. Ta ce, "Shi ne amsar?" Ta dafa, mun ci. Da daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Alhamis, 18 ga Yuli, da yamma

Na gangara da duro ƙarƙashin indararon. An yi ruwa, duron ya cika kafin in idar da alwala, sauran ya koma inda ya saba. Rekiya ta samu ruwan wanki. An ɗauke wuta tun shekaranjiya, kwatar ƙofar gida ta toshe, kazar Inna ta yi min kashi a kan takardun jarrabawa. Waɗannan duk ina iya yin ƙorafinsu da ƙarfi, kuma na yi.

Asabar, 20 ga Yuli, bayan asuba

Dabara ta zo min. Na samu limamin masallacin unguwarmu a keɓe, ban kama suna ba, na ce ya kamata a ɗan tunatar da jama'a haƙƙin maƙwabtaka. Yau bayan salla ya yi. Kuma ya yi da kyau. Ya ce akwai mai cutar da maƙwabcinsa bai ma sani ba, kowa ya koma gida ya duba abin da yake fita daga gidansa ya shiga gidan wani.

Alhaji Gwadabe yana sahun gaba, ya fi kowa gyaɗa kai. Da muka fito ya riƙo hannuna ya ce, "Ka ji gaskiya, Malam. Wasu mutanen ba sa tsoron Allah." Ya yi nuni da haɓa wajen Iro mai faci, wanda awakinsa suka addabi unguwa.

Kafin hantsi Iro ya ɗaure awakinsa. Wa'azi dai ya yi aiki.

Litinin, 22 ga Yuli, da rana

Ba a yi ruwa ba.

Laraba, 24 ga Yuli, bayan magariba

Ba a yi ruwa ba. Geron da na shuka a Kurugu ya fara lanƙwashe kai. A masallaci an roƙi Allah ruwa, kowa ya ce amin da ƙarfi. Ni ma na ce, amma a hankali.

Juma'a, 26 ga Yuli, da yamma

An karɓi addu'ar masu ƙarfin murya.

Bangon ya tsage daga ƙasa har kusa da taga. Na kira magini. Ya duba tsagar, ya ɗaga kai ya duba indararon, ya ce in ya yaɓe yau, gobe ruwa ya wanke, gara a gaya wa mai indararon ya juya shi, aikin da ba zai kai tsawon shan shayi ba. Na gode masa. Abin mamaki a garin nan, kowa ya san maganin.

Na shiga wajen Inna na durƙusa. Na ce ta koma ɗakina zuwa ƙarshen damina, ni in koma zaure.

Ta ce, "In kwana a cikin takardu kamar gara?"

Na ce, "Inna, bangon ne."

Ta ce, "A ɗakin nan na haife ka. A kan gadon can ubanka ya cika. Bangon nan ya san ni, na san shi. Kai dai da ka yi boko har ka gaji, je ka gaya wa Gwadabe ya kawar da bututunsa."

Na ce ana kan hanya. Ta ce, "Wace hanya? Taku nawa ne?"

Lahadi, 28 ga Yuli, bayan la'asar

Sulle na ƙauyen Turawa ya shigo gari. Taubashin Alhaji ne, ɗan goggonsa, shi kaɗai ne a duniya yake iya gaya masa duk abin da ya ga dama. Na tare shi a bakin tasha, na saya masa tsire, na yi masa bayani. Ya lashe yatsu ya ce, "Wannan ne ya hana ka barci? Yanzu za ka ji."

Na ji kuwa, ta kan katanga.

"Kai Gwadabe, ɓarawon mudu! Ka gina ɗaki ka juya wa surukinka ruwa, so kake ka kashe tsohuwa ka haɗe gidan da naka?"

"Wa ya buɗe wa mayunwacin nan ƙofa? Ku ɓoye tukunya!"

"Wallahi da gaske nake, bango ya tsage!"

"Kanka ne ya tsage, tun ranar da jaki ya kayar da kai a Turawa!"

Dariya har da tari. Sulle ya maimaita, suka ƙara fashewa. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kalma bayan kalma. Ni ne na manta cewa tunda aka haife su ba wanda ya taɓa ɗaukar maganar ɗaya da gaske.

Da magariba Alhaji ya tare ni a ƙofar masallaci yana share hawayen dariya. Ya ce, "Ka ji sharrin Sulle? Wai indararona zai rushe maka gida. Na ce masa ai da haka ne, Malam da bakinsa zai gaya min. Ko ba haka ba?"

Ya tsaya yana dubana. Mutane na wucewa suna neman takalmansu.

Na yi dariya. Ta fito da kyau.

Talata, 30 ga Yuli, da safe

Rekiya ta ce in kai magana wajen mai unguwa. Na ce wannan ƙara ce, kuma in aka ce uban yarinya ya kai ƙarar uban miji, a kan wa za ta ƙare? Na ce ita me zai hana ta yi wa matar Alhaji magana, mace da mace? Ta ce, "In buɗe baki a ce uwar matar Suhaibu ta fara? Bayan na bara?" Mun daɗe ba mu yarda da juna a kan abu ɗaya kamar yau ba.

Na samo gungumen itace na tokare bangon ta ciki. Inna ta rataye carbinta da jakar goronta a jiki. Ta ce dama tana neman maratayi.

Alhamis, 1 ga Agusta, bayan azahar

An yi guɗa a gidan Alhaji da hantsi. Mace ce, kuma duk suna lafiya.

Na ɗauki fartanya na tafi Kurugu, kamar yadda ya kamata uban 'yar fari ya yi. Masu yi min barka a hanya na amsa musu kamar labarin wani gari suke ba ni. A gona ban nome ko kunya ɗaya ba. Na zauna a ƙarƙashin ɗorawa, ban san me ya shiga idona ba.

Asabar, 3 ga Agusta, da yamma

Ruwa.

Litinin, 5 ga Agusta, da yamma

Ruwa. Ta cikin tsagar ana hango hasken waje. Inna ta cusa tsumma, wai iska na damunta.

Na shirya maganar da zan yi wa Alhaji, na gyara ta, na sake gyarawa. Ta yi kyau ƙwarai. Tana da gabatarwa. Amma ba a kai wa mutum irin wannan ana tsakiyar hidimar suna. Bayan suna.

Alhamis, 8 ga Agusta, bayan isha

An raɗa suna, Munawwara. Alhaji ya yanka rago kamar ɗan maraƙi, ya aiko mana da cinya guda.

Da yamma mata suka rako mai jego da jaririyar gidan nan wankan gida, za ta zauna har arba'in. Na san da haka. Kowa ya san haihuwar fari a gidan iyaye ake wanka. Abin da na ƙi tsayawa in tuna shi ne a wane ɗaki. Rekiya ba za ta haɗa ɗaki da 'yar fari ba, kunya. Inna ce mai wanka, Inna ce mai kunun kanwa, kuma gadon ƙasar da ake hura wuta a ƙarƙashinsa domin mai jego a ɗakinta yake. A jikin wancan bangon.

Na ja Rekiya gefe na ce a kai su ɗakina. Inna ta jiyo, don kunnenta yana zaɓar abin da zai ji. Ta ce, "Wa zai gasa mata jiki a can, littattafanka? Jego ba a kan katifa ake yinsa ba. Ikilima, shigo abinki, ƙyale ubanki."

Ta shiga. Da ta zo wucewa ta rusuna ta gaishe ni. Na amsa ina kallon duro.

Juma'a, 9 ga Agusta, da rana

Sama fes. Na leƙa ta ya fi a ƙirga.

Asabar, 10 ga Agusta, bayan magariba

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Na yi sallama ɗakin Inna, wai zan duba tokarin. Mai jego na barci. Jaririyar na kwance a bayanta, ta wajen bango. A kan zanen da aka lulluɓe ta da shi akwai ɓurɓushin ƙasa. Ina tsaye wani ya sake zubowa, kaɗan, kamar ana barbaɗa gishiri.

Ban san lokacin da na fita ba. Takalmi ɗaya na saka. Alhaji na zaune a ƙofar gidansa da mutanen majalisarsa, ana ta cin sauran naman suna. Ban yi sallama ba. Maganar nan mai gabatarwa ban san inda ta shiga ba.

Na ce, "Alhaji, indararonka yana zuba a bangon ɗakin Inna. Bangon zai faɗi. Jikarka na ciki."

Wani ya tsaya da tsoka a bakinsa. Alhaji ya miƙe, ya wuce ni ya shiga gidana kai tsaye, abin da bai taɓa yi ba. Daga ƙofa ya ce, "Inna, a gafarce ni," ya shiga. Ya ga gungumen. Ya zare tsumman, ya zura hannunsa cikin tsagar har wuyan hannu. Ya daɗe a haka.

Ya fito tsakar gida ya ƙwala wa Suhaibu kira, ya ce ya hau da guduma ya ɓalle indararon yanzu, ko da kwanon zai biyo shi. Sannan ya juyo gare ni. Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi min.

"Tun yaushe?"

"Tun tsakiyar Yuli."

"Ranar da ka zo zaurena?"

Na ce e.

"Abin da Sulle ya faɗa?"

Na ce e.

"Na tambaye ka, Malam. A ƙofar masallaci na tambaye ka."

Na ce nauyinsa na ji. Na ce bayan abin da ya yi mana bara.

Ya ce, "Nauyina. Mahaifiyarka na kwana a nan kana jin nauyina. Aka kawo maka 'yarka da jinjira ka bari suka kwana biyu a nan kana jin nauyina. Da ya faɗo musu fa? Ni za a ce na kashe su, da ruwan ɗakin da na gina mata." Ya share hannunsa a jikin riga. "Ni ɗan kasuwa ne, ban yi karatunka ba. Amma mutumin da ya fi jin kunyata a kan tausayin uwarsa, ba zan bar masa jika ba."

Ya aika aka kira matarsa, ya ce a kwashe kayan mai jego. Inna ta fito da sandarta ta ce, "Gwadabe, ba a taɓa yi ba. Mai jego ta bar gidansu ba ta yi arba'in ba? Me za a ce da mu a gari?" Ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Inna, ki yafe ni. Ke ma ki taho, ɗaki na nan." Ta ce ita ba inda za ta. Ya ce to gobe zai turo magina.

Ana ta buga guduma a sama aka fita da su. Matar Alhaji ta rungume jaririyar cikin mayafi. Rekiya ta shige ɗaki ta saki labule. Mai jego kuma da ta zo daidai inda nake ta rusuna ta ce, "Baba, sai an jima." Idonta ya yi ja. Na ce to.

Sai ga ruwa. Ya sauka a tsakar gidan Alhaji, ina jin sa.

Lahadi, 11 ga Agusta, da hantsi

Magina sun zo. Na kai musu ruwan sha.

Talata, 13 ga Agusta, bayan azahar

A masallaci muna gaisawa da Alhaji. Yana tambayar Inna, yana tambayar ƙafarta. Daga nan sai ya nemi takalminsa.

Mata masu zuwa barka suna shigowa da sabulu da turmin atamfa, Rekiya na nuna musu gidan gaba. Ba ta bayani, su ma ba sa tambaya, alamar an riga an yi musu. Abincina takan ajiye a ƙofar ɗaki ta rufe da faifai. Yau gishiri ya yi yawa. Na cinye. Ta san ba zan ce komai ba.

Alhamis, 15 ga Agusta, bayan la'asar

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na shiga ɗakin Inna na dafa sabon yaɓen. A bushe yake ƙayau, daga sama har ƙasa. Ɗakin zai kai wata daminar, zai kai wadda ke bayanta.

Inna na zaune a bakin gadon ƙasa. Itacen da ta sa aka faskara domin wankan jego yana jibge a lungu, ba a taɓa ko rabinsa ba. Ba ta dube ni ba.

Da ruwan ya tsagaita sai muka jiyo kuka ta bayan bangon, siriri, yana tsayawa yana dawowa. Ban san sabon ɗakin ya matso kusa haka ba. Inna ta karkata kai tana saurare. Ta daɗe.

Ta ce, "Wannan ba kukan yunwa ba ne. Ciki ne. Ba su iya gasa mata cibiya ba. Je ka gaya musu."

Na ce to.

Har yanzu tana kukan.